Inji Ba Shi da Haƙora

Duk ranar Juma'a, kafin rana ta take, karar Wudil ta cika ta batse. Wanda ya zo sayen sa ba ya ruɗuwa da tozo ko sheƙin fata. Zai kama leɓen dabbar ya ƙirga haƙora, ya ɗaga ƙafa ya dubi kofato, ya sa yaro ya kora ta ta yi 'yan taku ya ga ko tana ɗingishi. Kafin dillali ya gama zuba, mai saye ya riga ya san shekarun san da irin huɗar da zai iya. Da wannan idon kawuna ya tashi, ko da yake shi sana'arsa ta ruwa ce, su da fito. Ran da na raka shi Kano neman injin da zai ɗaura wa kwale-kwalensa, ya daɗe tsaye gaban wasu injuna biyu da aka rataye a jikin katako, sannan ya juyo ya ce da ni, "Ɗana, wannan ta ina ake duba haƙoransa?"

Ban iya ba shi amsa a ranar ba, kuma tambayar ba ta bar ni ba.

Sai an san ruwan kafin a yi maganar injin. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su biyo ta ƙarƙashin gadar Wudil su nufi Haɗeja. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, cikar kogin da janyewarsa ba a hannun damina kaɗai suke ba. Ana iya wayar gari ruwa ya ƙaru don an buɗe ƙofa can sama. Da rani kuwa yashi ne shimfiɗe, wani wurin ruwan bai wuce gwiwa ba. Galibin jiragenmu har gobe da gora da filafili ake tuƙa su, ƙarar injin da za ka ji a bakin kogi ta injin ban-ruwa ce ta 'yan noman rani. Amma kafaɗa tana tsufa, ruwan Agusta kuma ba ya tsufa. Abin da ya kai Kawu kasuwa ke nan.

Na farko cikin injunan biyu shi ne wanda masunta suka sani tun daga Yawuri har Baga, Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15. Mai bugu biyu ne, wato irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki guda, kamar ɗan ƙaramin janareton da ke kuka a ƙofar kowane shagon aski. Cikinsa ba tarkace: fistin, filogi, kafireto, sai igiyar da ake fizga. Ba ya neman batir. Masu ƙera shi da doki suke auna ƙarfinsa, amma halinsa na jaki ne sak. Jaki yana cin abin da ya samu, kara ne ko ƙaiƙayi, ga kuka ga taurin kai, wani lokacin ya turje a tsakiyar hanya ba dalili. Sai dai ba ƙauyen da ba a san maganin jaki ba. In wannan injin ya mutu a tsakiyar ruwa, sau tari filogi ne ya yi baƙi, a kwance shi a goge da tsumma a mayar. Ko datti ne ya toshe kafireto, a buɗe a hure. Yaron da ya yi shekara biyu a garejin babura a bakin tashar Wudil zai iya wargaza shi a kan buhu ya haɗa kafin la'asar.

Aibinsa ci. Wani kaso na man da ya zuƙa fita yake yi bai ƙone ba, shi ne shuɗin hayaƙin nan, shi ne kuma maiƙon da ke kwanciya a kan ruwa bayan jirgi ya wuce, ruwan da kifinmu ke ciki, mata ke wanki a gefensa. Lokacin da fetur ke araha ba wanda ya damu. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, kowace lita sai mai fito ya ji ta a jikinsa. Ga kuma haɗin mai. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur, wato rabin lita a jarka mai cin lita 25. Mu kuwa da ido muke aunawa, kamar gishirin miya. In ya yi yawa filogi ya toshe, in ya gaza fistin ya bushe injin ya yi nokin. Yawancin injunan da ake zagi da rashin ƙwari, hannun mai zuba mai ne ya kashe su.

Na biyun sabon yayi ne, mai bugu huɗu, baƙin mansa daban fetur ɗinsa daban, kamar na mota. Ba jiya aka fara irinsa ba, Honda ta fito da nata tun 1964, amma dokokin rage hayaƙi da Amurka ta soma aiki da su a 1998 su suka juyar da manyan kamfanoni gare shi. Evinrude, sunan da ya yi fice a wannan sana'a tun 1909, kuma ya riƙe mai bugu biyu har ƙarshe, an daina ƙera shi a 2020. Tsohon inji yana ja da baya a duniya kamar yadda jaki ke ƙaranci a ƙauyukanmu tun da fataken fata suka sa shi gaba.

Gaskiya ɗaya ce, sabon injin ya fi. Na hau jirgin da ke da shi, muna tafiya muna hira ba mai ɗaga murya. Bugu ɗaya yake tashi. Mai kaɗan yake sha. In ya yi zafi ko baƙin mansa ya yi ƙasa, zai yi ƙara ya rage gudu da kansa, abin da tsohon ba ya yi sai dai ya mutu a hannunka. 'Yan acaɓa ba su jira wa'azin kowa ba suka bar tsofaffin babura masu hayaƙi suka koma Boxer, aljihunsu ne ya gaya musu. Wanda ya ce sabon inji kwalliya ce kawai, son tsoho ne ya rufe masa ido.

Amma wannan doki ne, kuma mai doki ya san sayensa ne mai sauƙi. Doki na son barga, da dawa tsabtatacciya, da harawa, da kanwa, da mutumin da aikinsa ke nan safe da yamma. Ka ba shi hatsi mai tsakuwa ko ruwan kwata, ciwon ciki ya kwantar da shi, jakin da suka ci tare kuma yana can yana birgima. Sababbin injunan nan da yawansu ba su da kafireto, wata 'yar allura ce ke fesa man ta ƙofofin da suka fi kafar allurar ɗinki ƙanƙanta. Fetur ɗin galan na 'yan bumburutu, wanda ya kwana a jarkar da ba a san abin da ta ɗauka jiya ba, ɗigon ruwa da ƙurar da ke cikinsa sun isa su toshe ta. Takardar kamfani kan ce a juye baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Mai fito da salloli da ranakun kasuwa yake ƙirga lokaci, ba da awa ba, alhali in yana aikin awa 4 a rana, kwana 25 ne awa 100 ta cika. Ko kwantar da shi a ƙasa akwai ɓangaren da ake yi, in ka kifa shi ta ɗaya gefen baƙin mai ya gangara inda bai kamata ba. Ran da ƙwaƙwalwarsa ta rikice kuwa, sauraren ƙara da kunne ba ya gano ciwon, sai an jona masa kwamfuta. Bakaniken da ke da ita yana nesa, abin da ya lalace sai an aiko daga Legas. Jirgi ya yi mako biyu a ɗaure a tsakiyar damina, lokacin da ake samun na shekara.

Ashe aminci iri biyu ne. Akwai abokin da ba ya yawan ba ka kunya, akwai kuma wanda in ya ba ka kunya a take kuke shiryawa. Mutumin Legas ko Fatakwal, da dilan inji ke bayan gidansa, na farkon zai zaɓa, kuma ya yi daidai. Mutumin Wudil a yau na biyun ya fi yi masa rana.

Abu ɗaya ne bai bar tsoho ba bai bar sabo ba, shi ne yashi. Duka biyun da ruwan kogi suke sanyaya jikinsu. Can ƙasa kusa da farfela akwai 'yan ƙofofi da ke zuƙo ruwa, wata 'yar fankar roba ta tura shi sama ya zagaye injin, kaɗan daga ciki ya fito ta baya siriri kamar fitsarin yaro. Ruwanmu kuwa gari ne da yashi, ga tifofi da masu haƙa suna dama shi kullum. Yashin nan yana cin robar kamar yadda tsakuwa ke cin haƙorin tsohuwar saniya. In aka tayar da injin a tudu ba ruwa, ko na ɗan lokaci kaɗan, robar ta ƙone. Sai kuma zaren koma da na ƙugiya da ke naɗewa a bayan farfela, ya yanke robar da ke tsare man giya, ruwa ya shiga. Daga Haɗeja zuwa Nguru kuma kacalla ce ke shaƙe hanya ta shaƙe farfela.

A nan na samo wa Kawu amsarsa, bayan na yi ta zama wurin masu gyara. Inji yana da abin da ke tsaya masa a matsayin haƙora. Ka kwance filogi: in bakinsa ruwan ƙasa ne lafiya, in baƙi ne jiƙe da mai akwai magana. Ka ja igiya a hankali ka ji ko tana turjiya, don wadda ta biyo hannu salalo ta gaya maka ringi ya gaji. Ka sassauta kusar ƙasa ka ɗigo man giya a yatsa, in ya yi fari kamar nono ruwa ya shiga. Ka sa a tayar da shi a cikin duro ka tsaya kan fitsarin nan, ka ga ƙarfinsa, ka tara hannu ka ji zafinsa. Wannan dubawa ta fi wajaba a kan ɗan Kwatano, wanda ya sha ruwan gishirin teku shekara da shekaru, aka fesa masa sabon fenti. Araha ba ta ado.

Akwai na uku, injin gas da ake dasawa a cikin jirgi, irin na manyan jiragen katako da ke dakon kaya da mutane daga Mopti a kogin Kwara. Shi san huɗa ne. Ba filogi, ba gaggawa, juyinsa bai kai rabin na injin rataye ba, shi ya sa yake daɗewa. A ruwa mai zurfi da kaya mai nauyi ba shi da na biyu. A Wudil nauyinsa zai dasa jirgin cikin yashi, farfelarsa ba ta ɗaguwa, kuma dole ya kwana a bakin kogi. Mai bugu biyun kuwa bai kai nauyin buhun siminti ba, da magariba sai a saɓo shi a kai zaure, yadda ake shigo da dabba gida don ɓarayi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da manoman Bangaladash suka yi a shekarun 1980. Injin ban-ruwan da ke musu aiki da rani, in ruwa ya cika sai su ɗora shi a jirgi su haɗa masa sanda da farfela. Mutanen Tailan ma da doguwar sanda suke tuƙi, su ɗaga ta in ruwa ya yi ƙasa. Ƙananan irin wannan da iska suke shan sanyi, yashi bai dame su ba. Injin ban-ruwa kuwa a fadamar Wudil ya fi a ƙirga, kowane bakanike ya san cikinsa, kayan gyaransa na nan a kasuwa. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a garin tun 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote. Ina ganin ɗaliban injiniyanta da maƙeran gari za su iya wannan aiki, su kuma horar da samarin da za su iya karanta ciwon sabon inji da kwamfuta. Ranar da aka samu irin waɗannan samari uku ko huɗu a bakin gada, ni da kaina zan ce wa Kawu ya sayi doki.

Wani wuri guda ne kwatancen dabba ya gaza, kuma wurin yana da zafi. Jaki in an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, durƙushewa yake ya ƙi tashi. Mai filafili ma kafaɗarsa na gaya masa jirgi ya yi nauyi tun bai bar gaɓa ba. Inji ba ya gardama, duk abin da aka ɗora zai tura, kuma iya lafiyarsa iya yadda yake ɓoye wa mai shi haɗarin. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya taso daga Badau zuwa Bagwai a kan ruwan Watari, ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. Hukumomi lodi suka ɗora wa laifin. Allah ya jiƙansu. Tun daga ranar, in na ga gefen jirgi ya kusa shafar ruwa, ba na tambayar wane inji ke bayansa, sauka nake yi, kuma ina faɗa da ƙarfi don masu yara su ji.

Kawu mai bugu biyun ya saya. Ya yanka wata robar ruwa daidai rabin lita ya rataye a jikin jarka, ya daina awo da ido. Man da zai zuba sai ya tace shi da ƙyalle. Gorarsa da filafilinsa suna nan kwance a cikin jirgin, bai yarda an fitar da su ba. Da asuba in ya fizgi igiya injin ya kama, ba ya duban gaba tukuna. Waiwayawa yake ya tara tafin hannu a ƙarƙashin ɗan siririn ruwan nan, sai ya ji sanyinsa sannan ya ce da yaronsa, "Kwance igiya, mu je."