Mece ce sadarwar da ba ta buƙatar turaku?

Sadarwar wucin gadi ita ce wadda wayoyi ke miƙa wa juna saƙo kai tsaye ba tare da turakun MTN ko Orange ba, kuma tana iya amfanar ƙauyukan gaɓar Binuwai da ke kewayen Garwa idan sabis ya ɗauke. A OLSR, ɗaya daga tsare-tsaren wannan sadarwa, wanda aka fitar a 2003, kowace waya tana zaɓar kaɗan daga maƙwabtanta su zama 'yan aike. Nan haɗarin yake, domin wayar mugu kan yi ƙaryar yawan maƙwabta don a zaɓe ta, sannan ta haɗiye saƙonni. Shi ya sa wajibi ne kowace sanarwar maƙwabta ta ɗauki hatimin sirri, a kuma daina zaɓar ɗan aiken da ke zubar da saƙo.