Dattijon Da Aka Kama Da Ƙirƙira, Da Zakin Da Aka Yi Wa Baftisma

Mai karatu, a ce kai ne babba a wata coci a ƙasar Asiya Ƙarama, wato Turkiyya ta yau, wajajen ƙarshen ƙarni na 2. Wani littafi yana ta yawo hannu da hannu, cike da al'ajaban Manzo Bulus, mata suna karanta shi suna kuka. Ka bi sawu har ka gano wanda ya rubuta, ashe dattijon coci ne, abokin aikinka. Ka titsiye shi, bai musa ba. Ya ce shi ne ya tsara, kuma ƙaunar Bulus ce ta sa shi. Me za ka yi da shi?

Mutanen wancan zamani ba su tsaya jan magana ba, dattijon ya rasa muƙaminsa. Mun san haka daga bakin Tatuliyan, marubucin birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yanzu, wanda ya kawo zancen wajajen shekara ta 200 cikin littafinsa kan baftisma. Abin da ya ɓata masa rai shi ne wasu suna kafa hujja da littafin suna cewa mace ma tana iya koyarwa, tana iya yin baftisma. To wace mace ce wannan da ta hana malamai barci?

Sunanta Tekla, budurwa 'yar manyan gida a Ikoniya, garin da ake kira Konya yanzu. An riga an yi mata baiko da wani mai suna Tamiris. Labarin ya ce Bulus ya sauka a gidan maƙwabta yana wa'azin tsarkake kai, ita kuwa ta zauna bakin taga kwana uku, ba ci ba sha, tana saurare. Daga nan ta ce aure kam ta fasa. Uwarta da kanta ce ta nemi a ƙone ta don sauran 'yan mata su ga aya. Aka tara itace, aka cinna wuta, sai ga hadari ya taso da ruwa da ƙanƙara, wuta ta mutu murus. Kana tsammani an gama? Yanzu aka fara.

Ta bi Bulus zuwa Antakiya, can wani babban mutum, Iskandari, ya rungume ta da ƙarfi a kan titi. Bulus, wanda ta bar gida dominsa, ya ce bai san ta ba. Ita kuwa ta yaga rigar mutumin, ta fizge rawanin girmansa a bainar jama'a. Aka jefa ta cikin filin namun daji. Wata zakanya ta zo ta kwanta a ƙafafunta, ta kashe beyar, ta kama kokawa da zaki har su biyun suka mutu. Da Tekla ta ga mutuwa ta zo ba a yi mata baftisma ba, sai ta faɗa wani tafki mai cike da namun teku, ta yi wa kanta. Tsawa ta faɗo ta kashe namun. Daga ƙarshe Bulus ya sallame ta, ya ce ta je ta koyar da maganar Allah. Ka ga inda gizon Tatuliyan yake saƙa?

Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan ramin dai ya yi zurfin da ba wanda ya zata. An tona asirin marubuci, amma labarinsa ya tsallake teku, aka juya shi zuwa Latin, da Suriyanci, da Armeniyanci, da harshen Kibɗawan Masar. A Salukiya, kusa da Silifke ta yau, aka kafa wurin ziyara da sunan Tekla. Wata matafiya mai suna Egeriya ta je can a shekara ta 384, ta iske ɗakunan masu ibada maza da mata birjik, ta kuma zauna aka karanta labarin nan daga farko har ƙarshe. A ƙarni na 5 wani malami ya tattara mu'ujizai 46 da ake cewa Tekla ta yi bayan ta bar duniya, Sarkin Rum Zeno kuma ya gina mata katafariyar majami'a. Dattijon da aka tsige, ko sunansa ba a ajiye ba.

Sai dai akwai wani ƙulli. Wajajen shekara ta 393, Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya yi watsi da tafiye-tafiyen Bulus da Tekla, ya haɗa har da tatsuniyar wani zaki da aka yi wa baftisma. Masana na baya suka duba labarin Tekla ciki da bai. Ga zakanya, ga zaki, amma ba wanda aka tsoma a ruwa. Ina Jerom ya samo nasa zakin? Da kai ne, ba za ka ce tsohon ya ruɗe ba?

A shekara ta 1897 wani Bajamushe masanin harshen Kibɗawa, Carl Schmidt, ya zauna gaban tarin ɓaraguzan tsohuwar takardar Masar a Heidelberg. Wasu gutsattsarin ba su ɗauke da komai sai 'yan haruffa. Ya yi ta jera su, yana gwada bakin wannan da bakin wancan, har shekara ta 1904 da ya buga abin da ya haɗa. Nan ta bayyana cewa labarin Tekla yanki ne kawai na wani dogon littafi, Ayyukan Bulus. An yanke babinta ne saboda farin jininta, yawancin sauran aka bar wa gara da ƙasa.

Schmidt bai haƙura ba. A 1936, shi da Wilhelm Schubart suka buga wasu shafuka na Girkanci da ke ajiye a Hamburg. A ciki an jefa Bulus ga wani ƙaton zaki a filin wasan Afisa. Zaki ya dube shi, ya buɗe baki ya gaishe shi da muryar mutum. Bulus ya tambaya ko shi ne wanda ya yi wa baftisma, zaki ya amsa da e. Ƙanƙara ta sauko, jama'a suka watse, Bulus ya nufi jirgin ruwa, zaki ya hau duwatsu. Bayan rasuwar Schmidt a 1938, wata takardar Kibɗawa ta taskar Bodmer a Suwizalan ta cike gurbin. Kan hanyar Yariko zakin ya tare Bulus ya roƙi baftisma, Bulus ya kama gezarsa ya tsoma shi cikin kogi sau uku. Ashe Jerom bai ruɗe ba. Mutumin da ya so binne labarin shi ne ya bar wa masu bincike alamar inda za su haƙa.

Kada kuma ka yi saurin cewa komai a ciki ƙage ne. Labarin ya ambaci wata sarauniya Tarafina, 'yar'uwar Kaisar, wadda ta riƙe Tekla kamar 'yarta. A ƙarni na 19 masu nazarin tsofaffin kuɗi suka nuna lalle an yi Antoniya Tarafina, 'yar Sarki Polemon na Fontus, a zamanin Bulus, kuma tana da dangantaka da Kaisar Kalaudiyas. Shi ya sa masana yanzu ba sa tsayawa ga tambayar ko tsawa ta faɗo. Suna tambayar su wa suke ba da labarin, me ya sa a kowane fage mata ne suke ihu suna goyon bayan Tekla, har zakanya ma mace ce, me ya sa kuma tsigewa ta kasa kashe shi.

A 1969 fadar Fafaroma ta cire ranar Tekla daga kalandar da dukan Katolika suke bi, saboda rashin hujjar tarihi. Cocin Otodoks bai cire ba. A Ma'alula ta ƙasar Siriya akwai gidan masu ibada mata da sunanta. A Taragona ta ƙasar Sifen, babbar majami'ar gari tana ɗauke da sunanta, kuma kowane 23 ga Satumba gari yakan cika maƙil da kiɗa da wasan wuta, ana zagayawa da ƙashin hannun da ake cewa nata ne.

To mai karatu, ga ka a tsakiyar wannan cunkoso, ka san abin da Tatuliyan ya tona da abin da Schmidt ya haɗa. Wata tsohuwa mai suna Tekla, wadda ta gaji sunan daga kakarta, ta juyo ta tambaye ka ko gaskiya ne. Me za ka ce mata?