Abincin ƙaramin yaro

Yaro yana fara cin abinci tun yana cikin uwarsa. Abin da uwa ta ci, shi ne ke gina jikinsa. Saboda haka mace mai ciki tana bukatar ƙarin abinci kowace rana: tuwo da miyar ganye, wake, gujiya, nono, nama ko kifi in an samu. A wajen awon ciki ana ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Uwar da ba ta ƙoshi ba ta kan haifi ɗa ƙarami, maras ƙarfi.

Da zarar an haihu, a sa jariri ga nono cikin awa ta farko. Nonon farko mai kauri ne, launinsa rawaya. Sunansa dakashi. Wasu suna matse shi su zubar, suna cewa ba shi da kyau. Wannan hasara ce babba, domin dakashi yana kare jariri daga cututtuka.

Daga haihuwa har wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishe jariri. Ko lokacin bazara ba ya bukatar ruwa, don mafi yawan nono ruwa ne. Ruwan rijiya ko na tabki yana iya sa masa zawo.

In yaro ya cika wata 6, nono kaɗai ba ya isarsa. Sai a fara ba shi kunu, ana ci gaba da shayarwa har shekara 2. Cikin yaro ƙarami ne, kunu mai ruwa-ruwa yana cika shi ba tare da ya gina jiki ba. Kunun kirki shi ne mai kauri, wanda ba ya zuba da sauri in an karkata cokali.

Ga yadda ake haɗa shi. A ɗebi hatsi ludayi 3 da wake ludayi 1, a soya kowane daban, a niƙa su tare. In za a dama, a ƙara tunkuza ko ɗan man gujiya. Ana iya barbaɗa garin zogale. Yaro ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 ko 3 a yini. Daga wata 9, ya ci sau 3 ko 4. A riƙa ba shi ƙwai, kabewa da mangwaro. Ƙwai ba ya sa yaro sata.

Yaron da bai sami wannan abinci ba yana iya kamuwa da tamowa. Sai ya rame, gashinsa ya yi ja, wani kuma ƙafafunsa su kumbura. Tamowa ta fi yawa da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A gidan likita ana auna damtsen yaro da wani zare mai launi uku: kore, rawaya da ja. Ja yana nufin yaron yana cikin haɗari, a fara yi masa magani nan take.

Ƴan makaranta da yawa suna renon ƙannensu. Mai reno ya wanke hannu da sabulu, ya zuba wa ƙaramin nasa abinci a kwano daban, ya zauna kusa da shi har ya ƙoshi.

Tambayoyi

1. Mene ne dakashi?
2. Don me ba a ba jariri ruwa kafin wata 6?
3. Me ake ƙarawa cikin kunun yaro?
4. Faɗi alamu biyu na tamowa.