Aikin Ikkilisiya a Makarantar da Gwamnati Ke Tallafawa

A zamanin Turawa, mishan irin su SIM suna gina makarantu, gwamnati kuma tana tallafa wa waɗanda suka cika ƙa'ida da kuɗi. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun. A 2011 Jihar Anambra ta mayar wa ikkilisiyoyi makarantun firamare fiye da 1,000, ta ci gaba da biyan albashin malamai.

To, in aka ba mu irin wannan dama a Musawa, mene ne aikinmu? Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba. Kuɗin gwamnati kuwa na kowa ne, har da maƙwabcinmu Musulmi. Saboda haka mu masu riƙon amana ne (1 Korantiyawa 4:2). Mu zauna a kwamitin makaranta, mu tabbata malami yana shiga aji, mu gyara rufi kafin damina, mu kiyaye lissafin kuɗi. Mu koya wa 'ya'yanmu Littafi Mai Tsarki ba tare da tilasta wa ɗan wani ba. In muka mai da aji majami'a, iyaye za su janye 'ya'yansu, shaidarmu kuma ta lalace.