Ta yaya za ka ƙara SSD ba tare da ka rage wa katin girafik gudu ba?

Tambayar yau daga wajen Kwanyawa ta zo, amma ta shafi duk mai editin ɗin bidiyon biki ko mai shagon kwamfuta a Karaye da Rogo: idan na saka NVMe biyu ko uku, katin girafik ɗina zai rage gudu? Amsata a gajarce: ya danganta da gurbin da ka soka shi.

Ku ɗauki PCIe a matsayin titi mai layuka. Furosesa na da iyakar layukan da zai bayar. Katin girafik yakan ci 16, kowane NVMe kuma 4. Ryzen 5000 yana da layi 24: 16 na kati, 4 na SSD na farko, 4 kuma su ne ke haɗa shi da cifset. Ryzen 7000 da ya fito a 2022 yana da 28. Intel ƙarni na 12 zuwa na 14 yana da 20, ban da hanyar cifset.

To ka ga, gurbin M.2 na farko, wanda galibi ya fi kusa da furosesa, yana da layukansa na kansa, ba ya taɓa rabon kati. Sauran guraben yawanci ta cifset suke bi. Su ma ba ruwansu da kati, sai dai suna raba hanya ɗaya da USB da SATA. Aikin yau da kullum ba za ka ji komai ba, sai in kana kwafar manyan fayiloli da yawa lokaci guda.

Ina matsalar take ke nan? Tana wajen madabod ɗin da ke aro daga layukan kati. Misali, a madabod ɗin Z790 masu gurbin M.2 na PCIe 5.0, furosesan ba shi da layin 5.0 sai waɗannan 16 ɗin. Kana soka SSD a nan, kati ya koma layi 8.

Amma fa kada hankalinka ya tashi. Duk sabon zubin PCIe yana ninka na baya: layi ɗaya na 3.0 kusan gigabait 1 a daƙiƙa, na 4.0 kusan 2, na 5.0 kusan 4. Wato layi 8 na 4.0 daidai yake da 16 na 3.0, kuma yawancin katuna ba sa cinye wannan. Wasu ma, irin su RTX 4060 da RX 6600, da layi 8 aka ƙera su, babu abin da suka yi asara.

Wanda zai yi hattara shi ne mai tsohuwar madabod. RX 6500 XT layi 4 kacal gare shi. Ka ɗora shi a B450, wadda ke tsaye a 3.0, rabin hanyarsa ya tafi, ko da SSD ko babu.

Akwai kuma wani tarko. A madabod da yawa, saka M.2 a wani gurbi yana kashe tashar SATA ɗaya ko biyu. Sai ka kunna ka ga tsohon hadis ɗinka da aikin mutane ya ɓace, ka zaci ya mutu. Bai mutu ba, canza masa tasha kawai.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗin mota zuwa Beirut Road a Kano, ga shawarata. Sauke littafin bayanin madabod ɗinka a waya, ka duba shafin guraben M.2, ƙananan rubutun ƙasan nan ne ke faɗin wane gurbi ke aro daga wane. SSD mafi sauri, mai ɗauke da Windows, a gurbi na farko. Na ajiya a gurbin cifset. Kada ka sayi gudun da ba za ka samu ba: SATA na ba da megabait kusan 550 a daƙiƙa, NVMe na 3.0 kusan 3,500, na 4.0 kusan 7,000, amma na 4.0 a gurbin 3.0 gudun 3.0 zai yi.

In ka gama haɗawa, buɗe manhajar GPU-Z, kyauta ce, za ta nuna maka x16 ko x8. Ka duba lokacin da kati ke aiki, domin in yana hutu yakan sassauta da kansa.

Na ƙarshe, zafin Afrilu da ƙurar hunturu. NVMe in ya yi zafi yakan rage gudu, musamman wanda ke kwance ƙarƙashin kati. Ka sa masa ƙarfen sanyaya, ka riƙa hure ƙura.

Duk mai tambaya ya rubuto sunan madabod ɗinsa da furosesa, mu duba tare. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya sa mu dace.