Ko Ka San Abin Da UPS Ke Yi Kafin Ka Ƙifta Ido?

Kwamfutar tebur tana iya jure ɗaukewar wuta, amma na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. A cikin akwatin da ke rarraba mata lantarki akwai wasu 'yan na'urori masu riƙe caji, ana ce musu kafasita. Ƙa'idar ƙera irin waɗannan kwamfutoci ta tanadi su riƙe ta na kimanin milisakan 16, wato kashi 16 cikin 1,000 na daƙiƙa guda, alhali ƙiftawar ido kan ci milisakan 100 ko fiye. Da zarar wannan ɗan lokaci ya wuce, duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, wadda ake kira RAM, ya tafi ke nan. Idan kuma tana tsakiyar rubuta wani abu a ma'ajiyarta, fayil ɗin na iya lalacewa, wani lokaci ma ta ƙi tashi gaba ɗaya.

A cikin wannan 'yar tazara UPS ke yin aikinsa. Shi ne akwatin nan mai nauyi da ake gani a ƙarƙashin tebur a bankuna da shagunan buga takardu, mai yin ƙara da an ɗauke wuta. Cikinsa akwai batir, da caja, da inbata mai mayar da wutar batir irin ta soket, sai wani makunni da ke sa ido a kan wutar da ke shigowa. Yana jin ta yanke sai ya juya kan batir, galibi cikin ƙasa da milisakan 10. Kafin kafasitocin kwamfuta su ƙare, taimako ya iso. Akwai kuma mai tsada da ake sa wa manyan na'urorin asibiti da cibiyoyin adana bayanai. Shi ba ya juyawa ma, domin kullum ta cikin inbatarsa wuta ke bi.

Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne ɗaukar UPS kamar ƙaramin janareta. Ƙaramin da aka fi saye, mai lamba 650VA, yawanci batir ɗaya ne a cikinsa mai bolt 12. Lambar ma ba wat ba ce. Abin da zai iya ɗauka bai cika kai wat 400 ba. Kwamfuta da allonta za su samu 'yan mintuna ne kawai, daidai yadda za ka adana aikinka ka kashe ta a tsanake, ko a tayar da inji. Wanda ya ci gaba da aiki har batirin ya ƙare tas, yana rage masa kwana ne. Amma na'urar intanet ta gida, da ba ta cin wuta sosai, za ta daɗe a kansa. Dutsen guga, hita, firij da firinta mai leza kuwa, kada a kusantar da su.

Amfaninsa bai tsaya ga ɗaukewar wuta ba. Lantarkinmu a Najeriya da Nijar bolt 230 ko kusa da haka ya kamata ya zama, amma kowa ya san rabin wuta, ya kuma san yadda takan dawo da ƙarfi ta ƙona kaya. Nau'in da ke da sitabilaiza a ciki yana ɗaga wutar idan ta yi ƙasa, ya rage ta idan ta yi yawa, ba tare da ya taɓa batir ba. A ganina wannan ne ya fi dacewa da mu, ko da kuɗinsa ya ɗan ɗara.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Batirin yawancin UPS na darma ne da ruwan asid, fasahar da Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. Shekara uku zuwa biyar da ake cewa yana yi, an auna ta ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin maki 10 na iya cinye rabin rayuwarsa. To, ka dubi Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu, inda zafi ke haura 40, sannan a cusa akwatin a lungu babu iska. Shi ya sa za ka ga fitilarsa tana ci lafiya lau, amma ana ɗauke wuta ya mutu tare da kwamfutar. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga kafofinsa, a kuma gwada shi lokaci-lokaci ta hanyar kashe soket bayan an adana aiki.

Idan batirin ya mutu, shi kaɗai ake canzawa, ba sai an sayi sabon akwati ba. Tsohon kuma kada a bar shi a tsakar gida yara su fasa. Darma guba ce: ita ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. A mayar da shi wurin mai sayar da batir, ba tare da an buɗe shi ba.