Tsare Sirrin Fayilolin Masu Neman Tallafi a Ƙaramar Hukumar Illela

Duk wanda ya je ofishin jin daɗin jama'a, ko ya nemi taimakon Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, yakan bayyana abin da bai taɓa faɗa wa maƙwabcinsa ba: ciwon da ke damunsa, mutuwar aure, marayun da yake riƙo, da lambar asusunsa na banki. Rufin asiri ya zo nema, don haka bai kamata fayil ɗinsa ya zama sanadin tonon asirinsa ba.

Wannan lamari yana da nauyi na musamman a Illela. Tazarar da ke tsakaninmu da Birnin Konni a Jamhuriyar Nijar kaɗan ce, ga zumunta da auratayya da cin kasuwa tare. Maganar da ta fita daga ofis da safe, kafin la'asar ta ƙetare iyaka. Bazawarar da aka yi tsegumi a kanta ba za ta sake dawowa neman haƙƙinta ba. Haka kuma 'yan damfara sukan yi amfani da lambobin waya da na banki su wawushe ɗan tallafin da aka tura.

Doka ta yi tanadi a kan haka. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa 'yancin sirri. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta keɓe fayilolin masu karɓar tallafi daga takardun da kowa zai nema a ba shi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuwa ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa cikin awa 72, idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su.

Saboda haka muna tunatar da ma'aikata su kulle fayiloli a kabad, su rubuta sunan duk wanda ya ɗauki fayil da ranar da ya mayar, su sanya wa kwamfuta kalmar sirri, kuma su guji tura hoton takarda ta WhatsApp. Tsofaffin takardu kada su kai hannun masu ƙosai da tsire. Hakimai, dagatai da kansiloli, idan sun tabbatar da cancantar mutum, aikinsu ya cika ba sai sun karanta fayil ba.

Jama'a kuma ku sani, kuna da ikon tambayar dalilin karɓar bayananku, da neman a gyara kuskure. Kada ku ba kowa lambar sirrin katinku na banki, ko da ya ce daga ofis yake. Hausawa sun ce, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.